Kyautar Manhaja da Amanar da Ke Cikinta

A zauren malamanmu na da, idan almajiri ya kwafi littafi da hannunsa, ba ya ajiye alƙalami sai ya ambaci mawallafin, ya yi masa addu'a. Ba hakimi ne ya tilasta masa ba, ladabin ilimi ne. Wannan ladabi nake jin tsoron ya kuɓuce wa matasanmu masu rubuta manhajar kwamfuta, daga Yamai zuwa Damagaram.

Yau ba mai gina manhaja daga tushe shi kaɗai. Kowa yana ɗauko tubalan da wasu suka riga suka buga, wato gutattakin manhaja da aka sake a intanet kyauta, ya jera su cikin aikinsa. Amma kowane tubali yana tafe da lasisinsa, kuma lasisi alkawari ne.

Lasisin MIT mai sauƙi ne: ɗauka, gyara, sayar in ka so, sai dai kada ka goge sunan mai haƙƙi da rubutun lasisin. Shi kuwa GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, sharaɗinsa ya fi nauyi: idan ka gina a kansa, ka kuma rarraba wa jama'a abin da ka gina, wajibi ne ka ba su asalin rubutun manhajar bisa wannan lasisin. Tamkar gayya ce: wanda aka nome masa gona bai isa ya ɓoye fartanyarsa ranar noman maƙwabci ba. A kan wannan sharaɗi Linux ya girma, har ya zama ginshiƙin wayoyin Android da ke aljihunmu.

Wani zai ce, wa zai bi sawun ɗan ƙaramin kamfani a ƙasar Sahel? To, a duba abin da ya faru a Faransa. Kamfanin Orange, wanda sunansa ba baƙo ba ne a yankinmu, ya yi amfani da wani tubali mai suna Lasso, na ƙaramin kamfanin Entr'ouvert, ba tare da cika sharuɗɗan GPL ba. An shafe fiye da shekara goma ana shari'a. A watan Fabrairun 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta umarci Orange ya biya diyyar dubban ɗaruruwan Yuro. Idan giwa ta faɗa wannan rami, ina ga zomo?

Sai dai ba tsoron kotu ne hujjata ta farko ba. Da yawa daga cikin waɗannan tubala mutane ne suka rubuta su da dare bayan sun tashi aiki, ba albashi. Abin da suka roƙa kaɗan ne: a ambace su, ko a mayar da alheri cikin rumbun kowa. Wanda ya kankare sunansu ya liƙa nasa, ya ci amana ko da ba a kama shi ba. Kuma gobe, idan ɗanmu ya saki ƙamus ko allon rubutun Hausa mai ƙugiya, wannan lasisin ne zai hana wani babban kamfani haɗiye shi ya kulle.

Don haka, ya kai mai rubuta manhaja, kafin ka ɗauko tubali, buɗe takardar lasisinsa ka karanta. Abin da ka iya cikawa, ɗauka. Abin da ba ka iya ba, bar wa mai shi. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici.