Rangwamen Kuɗin Wuta: Da Sunan Talaka, A Aljihun Wa?

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 3 ga Afrilun 2024 ne Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta sanar da ƙarin kuɗin wuta ga waɗanda ke Rukunin A, inda farashin yunit ɗaya ya tashi daga abin da bai kai naira 70 ba zuwa naira 225. Daga baya an sauke shi zuwa naira 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma naira 209.50 a watan Yulin shekarar a kamfanoni da dama. Hujjar da mahukunta suka kafa a lokacin ita ce, ƙarin bai shafi kowa ba sai kashi 15 cikin ɗari na masu amfani da wuta, sauran jama'a kuwa gwamnati za ta ci gaba da tallafa musu. A taƙaice, an ce mai hali ne zai biya, talaka ya kwantar da hankalinsa. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, shin wannan tallafi da ake ta ambaton talaka a kansa yana isa gidan talakan kuwa?

Mu fara da kalmar ita kanta. A Hausa, idan aka ce an tallafi abu, ana nufin an sa hannu an tare shi don kada ya faɗi, kamar yadda uwa ke tallafar kan jariri. Rangwame kuwa kalmar kasuwa ce. Mai kaya ne ke duban mai saye, ya ga halin da yake ciki, ya rage masa. Duk kalmomin biyu suna buƙatar ido, domin sai ka ga wanda zai faɗi kafin ka tallafe shi, sai ka dubi mai saye kafin ka yi masa rangwame. To, tsarin kuɗin wutarmu ba shi da wannan ido. Layin wuta yake gani, mita yake gani, amma bai san wanda ke cikin ɗakin da wayar ta shiga ba.

Dubi yadda aka kasa jama'a rukuni-rukuni tun daga 2020. Rukunin A shi ne layin da aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. Ma'aunin a nan shi ne layin da ya ratsa unguwarku, babu ruwansa da abin da ke aljihunka. Wanda duk ya san Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya san cewa a bayan kowane katafaren gida akwai lungu, a cikin lungun kuma akwai mai gadi da tela da bazawara mai sayar da ƙosai, kuma layi ɗaya ne ke ba su wuta duka. Idan layin ya faɗa Rukunin A, ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, idan ya sha yunit 100 a wata, zai biya naira 20,950 tun kafin a ɗora haraji. Wato kusan kashi 30 cikin ɗari na albashinsa ya tafi, bai sayi ko mudun hatsi ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, tallafin da ya rage wa sauran rukunan a kan kowane yunit ake bayar da shi, ma'ana wanda ya fi shan wuta shi ya fi cin tallafi. Attajirin da ke Rukunin B, mai na'urorin sanyaya ɗaki uku da firiji biyu, idan ya sha yunit 1,000 a wata, ya ci ninki 25 na tallafin da maƙwabcinsa mai shan yunit 40 ya samu a kan farashi guda. Ba ma sai mun je da nisa wajen neman shaida ba, domin a Fabrairun 2025 mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan makamashi, Olu Verheijen, ta bayyana cewa gwamnati na kashe sama da naira biliyan 200 kowane wata a kan tallafin wuta, kuma kaso mai yawa na kuɗin yana amfanar kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka fi kowa wadata ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Su kuwa mutum miliyan 85 da Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa wayar wutar gwamnati ba ta kai gare su ba, ko sisin kwabo ba su gani a cikin wannan rabo.

Wani abin mamaki shi ne, a kan takarda an daɗe da yi wa talaka tanadi. Dokar gyaran harkar wuta ta 2005, wadda aka yi a zamanin Obasanjo, ta tanadi wani asusu na musamman domin agaza wa marasa galihu wajen biyan kuɗin wuta, kuma sabuwar dokar 2023 ta sake tabbatar da shi. Haka kuma a jadawalin farashin da hukumar ta fitar har zuwa 2024 akwai wani mataki na musamman, inda wanda bai wuce yunit 50 a wata ba zai biya naira 4 kacal a kan kowane yunit, wato naira 200 a wata idan ya cika hamsin ɗin. Amma mai karatu ya zaga unguwarsu ya tambayi magidanta goma, ya ga ko zai sami mutum ɗaya da ya taɓa jin labarin asusun ko rangwamen. Haƙƙin da aka rubuta da Turancin lauyoyi aka rufe a ofis, da shi da babu duk ɗaya ne a wurin wanda aka yi shi dominsa.

Ko da labarin ya kai masa, akwai shinge biyu a gabansa. Na farko shi ne mita. Ta yaya za a tabbatar mutum bai wuce yunit 50 ba alhali babu abin awo a gidansa? An miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa tun ranar 1 ga Nuwamban 2013, an ƙaddamar da shirin raba mita na ƙasa a 2020, amma har ƙarshen 2024 fiye da rabin masu rajista ba su da mita, kuɗin kintace ake kawo musu. Wanda ke da halin saye ya daɗe da sayen tasa, talaka ne aka bari da takardar da ba ta san ya yi tafiya ba, ba ta kuma san taransifoma ta yi mako uku a lalace ba.

Shinge na biyu yana cikin kalmar gida. A lissafin kamfani, mita ɗaya gida ɗaya ne. A zaman Bahaushe kuwa, gida na iya ƙunsar sassa biyar ko goma, kowane sashe da magidancinsa da tukunyarsa. Gidan haya a birni ma haka yake, ƙofa na kallon ƙofa. Idan iyali goma suka haɗu a kan mita ɗaya, kowanne yana shan yunit 30, mitar za ta nuna yunit 300. A idon kamfani wannan gidan mai hali ne, don haka duk su goman sun rasa rangwamen da kowannensu ya cancanta. Talaucin da ya tara su a gida ɗaya shi ne kuma ya hana su abin da aka ware wa talaka. Ga kuma rigimar rabon kuɗi a ƙarshen wata, wane yana da dutsen guga, wance tana da hita, wadda ta sha raba maƙwabtan da suka shekara ashirin suna zaman lafiya.

Akwai kuma wani gefe da ba mu cika waiwaya ba, wato rage wutar da gida ke sha tun daga tushe. Lissafin ba shi da wuya. Tsohon ƙwan fitila mai zafi, mai wat 60, idan ya yi awa biyar a kunne kullum, yana shan yunit 9 a wata. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi daidai da na wancan, yunit 1.35 yake sha. Gidan da ke da tsofaffin ƙwayaye huɗu da fanka ɗaya mai wat 70 da ke juyawa awa takwas a rana zai sha kusan yunit 53, ya haura iyakar rangwame. Da zarar an canza ƙwayayen nan huɗu, sai lissafin ya sauko zuwa yunit 22. Ashe ƙwai huɗu ne tsakanin wannan magidanci da haƙƙinsa. Sai dai talaka yakan sayi mai arha ne domin abin da ke hannunsa a ranar ke nan, arhar kuma ta dawo ta ci shi kowane wata.

Ghana ta gane wannan tun tuni. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya ƙasar ta shiga ƙarancin wuta, gwamnatin John Kufuor ta raba ƙwayaye masu tsimin wuta miliyan shida kyauta, ana karɓar tsofaffin ana ba da sababbi. Hakan ya rage kimanin megawat 124 daga nauyin da ke kan layukan ƙasar a lokacin da aka fi shan wuta, tamkar an gina ƙaramar tasha ba tare da an aza tubali ba. A 2008 kuma suka kafa dokar hana shigo da ƙwai mai zafi da tsofaffin firiji. Afirka ta Kudu ita ma tun 2003 ta tsara bai wa gidajen marasa ƙarfi yunit 50 kyauta a wata, ta hannun ƙananan hukumomi masu riƙe da rajistar mabuƙata. Tsarin nasu na da nasa matsalolin, amma aƙalla mutum yake nema da sunansa.

A nawa ganin, abin da ya kamace mu a fili yake. A ɗauke wani kaso daga tallafin nan na kowa da kowa a zuba shi cikin asusun da doka ta tanada, a kuma raba shi bisa rajistar mabuƙata ta ƙasa, bayan masu unguwanni da dagatai sun tantance sunayen a bainar jama'a. A fara rabon mita kyauta daga gidajen haya da gidajen gandu, kowane sashe da tasa. A haɗa kowace mita da ƙwayaye huɗu masu inganci, a karɓe tsofaffin, Hukumar SON kuma ta tsaya a kan jabun da suka cika kasuwa, waɗanda ke mutuwa cikin mako biyu su sa jama'a su yanke ƙauna. Sannan a tilasta wa KEDCO da kamfanonin Kaduna da Jos da Yola su riƙa bayyana wannan rangwame a rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci da sauran harsunanmu, tare da faɗin inda mutum zai kai ƙara idan an hana shi.

Na san wani zai ce, ai duk abin da aka ce rabo ne a ƙasar nan, 'yan siyasa da 'yan korensu ne za su wawashe. Wannan tsoro yana da tushe, mun ga yadda rabon kayan abinci ya sha ƙarewa. Amma yunit ɗin da aka tura kai tsaye cikin mitar da ke ɗauke da sunan mutum ya fi buhun shinkafa wuyar karkatarwa, kuma tsohon ƙwan da aka karɓa shaida ce da za a iya ƙirgawa. Ko ba komai, tsarin da muke ciki ma karkatarwa ce, sai dai ita doka ce ta halatta ta.

Daga ƙarshe, kira nake ga gwamnoninmu da 'yan majalisun jihohin Arewa. Dokar 2023 ta ba jihohi ikon kula da kasuwar wutarsu, kuma Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi nasu tun 2024. Duk jihar da za ta bi sahu, to ta fara sanin adadin magidantan da ke bayan kowace mita kafin ta zauna yanke farashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuma talakawa da masu magana da yawunmu, mu riƙa tambayar duk wanda ya zo neman ƙuri'a: ina asusun da aka yi mana alƙawari tun 2005, nawa ke ciki, kuma su wa suka amfana?