Riruwai: Tarihin Da Muke Bari Yana Zubewa

Duk shekara ɗaliban wannan sashe kan rubuta kundayen kammala karatu a kan tatsuniyoyi da bukukuwan aure da waƙoƙin makaɗan fada. Ban raina wannan ƙoƙari ba. Amma a ganina mun yi wa garuruwan haƙar ma'adinai riƙon sakainar kashi, alhali suna cike da abin nazari. Misalin da zan kawo shi ne Riruwai, wani gari mai duwatsu a Ƙaramar Hukumar Doguwa, can kudancin Jihar Kano.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka Turawa ne suka kawo haƙar kuza ƙasar nan. Ba haka abin yake ba. Tun kafin zuwansu mutanen Riruwai ke wanke kuza a rafuka, su narka ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su ɗauka zuwa kasuwanni. Wasu daga cikinsu ne suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi suka ci gaba da sana'ar a Riruwan Dalma. Waɗannan tsinkaye ne wakilan Kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa, suka yi ta bin sawu har suka kai ga kuzar tsaunukan Jos a 1902. Daga nan kamfanoni suka mamaye filayen, narkar gargajiya ta mutu, masu sana'a da yawa suka koma leburori.

Sai kuma zamanin yaƙin duniya na biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga kwashe talakawa daga lardunan Arewa ana kai su barikokin kuza dole, har zuwa 1944. Wannan shi ne abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutane da dama sun mutu saboda sanyi da ƙarancin abinci. Bature Bill Freund ya rubuta littafi a kan ma'aikatan kuza a 1981, amma da Turanci, kuma yawancin hujjojinsa daga takardun hukuma da na kamfanoni suka fito. Ina labarin da Hausa, daga bakin waɗanda suka ɗauki kwano a ka?

Ramin ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa a Riruwai don kuza da tutiya bai daɗe yana aiki ba, kuma faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta durƙusar da sana'ar baki ɗaya.

Wani zai ce ai wannan aikin Sashen Tarihi ne. Ni ban yarda ba. Zaman bariki ya haɗa Bahaushe da ƙabilu iri-iri, ya haifar da kalmomi irin su loto da heluma, da kirari da waƙoƙin aiki da zambo. Wannan kuwa harshe ne da adabi, wato gonarmu ce, ba ta kowa ba.

Don haka ina roƙon malamanmu su ware wa ɗalibi biyu ko uku wannan fage a zango mai zuwa, a haɗa su da rikoda da kuɗin mota. Waɗanda suka ga ɗiban gwamna kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma waɗanda suka shiga ramin Riruwai wasunsu na nan da ransu, kuma daga Kano zuwa can ta hanyar Tudun Wada tafiyar yini guda ma ba ta kai ba.