Shin Wasan Talabijin Yana Rage Ƙiba?

Kwanakin baya wani uban ɗalibi ya tare ni a bakin makaranta bayan an tashi. Ya ce, "Malam, likita ya ce lalle mai ɗakina ta rage ƙiba domin sukarinta ya hau, ga shi ba ta fita. An ce in sayo mata na'urar nan ta wasan talabijin da ake motsa jiki da ita. Kuɗina ba za su tafi a banza ba kuwa?" Amsar da na ba shi a tsaye ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin dai daga Japan ya fito. A 1998 kamfanin Konami ya fitar da Dance Dance Revolution, wato wani dandamali mai kibau huɗu da mutum zai riƙa takawa daidai da abin da talabijin ke nuna masa. Har jihar West Virginia ta Amurka ta yanke shawarar sa shi a makarantun gwamnati a 2006, saboda ƙibar yara. Nintendo ya kawo Wii Fit a 2007, allo ne kamar sikeli, ka hau ya auna nauyinka da yadda kake karkata. A 2019 kuma ya kawo Ring Fit Adventure: ka riƙe wata kawanya kana matsawa, an ɗaura maka wani abu a cinya, in ba ka yi gudu a inda kake tsaye ba, mutumin cikin talabijin ba zai gusa ba.

Ni ban raina wannan dabara ba. Kakanninmu mata ba su san wani motsa jiki ba, amma surfe da daka da niƙa da jan ruwa a rijiya sun ishe su. Yau injin niƙa ya ɗauke wannan, famfo ya ɗauke wancan, tuwon kuwa bai ragu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. In mace za ta samu wannan a cikin ɗakinta, cikin sutura da mutunci, to fa'ida ce babba. Sai dai a zaɓa, domin wasu wasannin kiɗa da rawa ne zalla, da shigar da ba kowa zai so a falonsa ba.

Amma ka tsaya mu yi lissafi. Kilo ɗaya na kitsen jiki daidai yake da kalori wajen 7,700. Rabin awa na matsakaicin motsi yana ƙone wajen 150, gwargwadon nauyin mutum. Kwalbar lemo guda ita ma kusan 150 ɗin ce. Ka ga kenan, wanda ya gama tsalle-tsallensa ya ce a miƙo masa mai sanyi, ya mayar da abin da ya fitar kafin gumin ya bushe. Ko da bai sha ba, sai ya yi irin wannan rabin awar wajen sau hamsin kafin kilo ɗaya ya tafi. Motsin yana taimakon sukari da hawan jini ko da sikeli bai motsa ba, amma mafi yawan ƙibar a kwano ake rage ta.

Sannan akwai binciken da aka buga a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2012. A birnin Houston aka bai wa yara 'yan shekara 9 zuwa 12 na'urar Wii, wasu da wasannin motsi, wasu da na zama. Bayan kusan wata uku, na farkon ba su fi na biyun motsi ba. Na'urar kawai aka ba su, ba wanda ya tsaya a kansu. A nan kuma sai ka ƙara da ɗaukewar wuta da kuɗin man janareto.

Wannan ne ya tuna mini da ruwayar Abu Dawuda, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Tare suka yi gudun. Mu kuwa sai mu sayo na'ura mu ajiye wa mace, mu tafi majalisa, mu dawo da tsire da lemo a leda.

Saboda haka ga abin da ya kamata in faɗa wa bawan Allahn nan. Ya fara komawa wurin likitan, domin mai shan wasu magungunan sukari yana iya jin jiri in sukarin ya faɗi ana cikin motsi, mai nauyi kuma tsalle yana iya taɓa masa gwiwa. Sannan su gwada wata guda ba tare da sayen komai ba: rabin awa bayan Asuba suna zagaya tsakar gida, shi da ita, a rage malmala ɗaya, a daina lemon. In sun riƙe watan, ya sayo na'urar in yana da hali, ya kuma hau allon kafin ita, domin na ga tasa teɓar ma ta fara ɗaga riga.