Macizan namu ne, amma maganin sai an jira jirgi

A birnin Sao Paulo na ƙasar Brazil akwai cibiyar Butantan, wadda aka kafa a 1901 ƙarƙashin likita Vital Brazil. Cikin halittun da take ajiyewa har da wani gizo-gizo mai mugun dafi da 'yan ƙasar ke kira armadeira. Ba ya saƙa ya zauna jiran ƙuda. Yawo yake yi da dare yana farauta, in gari ya waye ya laɓe cikin takalmi ko nonon ayaba. Rainon 'ya'yansa sai mai haƙuri: uwa ɗaya kan ƙyanƙyashe ɗaruruwa, in aka bar su wuri guda su cinye juna, dole kowane a ba shi nasa ɗan mazubi, a lura da damshi, a kiwata ƙananan ƙwarin da zai ci. Idan ya girma a tatsi dafinsa, ɗigon da ido da ƙyar yake gani, a riƙa yi wa doki allurarsa kaɗan-kaɗan, daga jinin dokin a tace magani. Duk wanda ya ciza har ya buƙaci maganin, kyauta ake yi masa allura a asibitin gwamnati.

Wannan fa don gizo-gizo ke nan, wanda ba kasafai yake kisa ba. Mu da kububuwa ke kwance a kunyoyin geronmu, me muka tanada?

A tambayi manomin Danchadi ta ƙasar Bodinga a jihar Sakkwato abin da yake tsoro lokacin girbi, sa'ad da zai tura hannu ƙarƙashin karan da aka jibge. A tambayi makiyayin da ke ratsa ciyawa da asuba a yankin Shagari, ƙafa ba takalmin kirki. Saran kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Ƙafa ta kumbura, dasashi ya fara zubar da jini, fitsari ya koma ja, mutum yana kallo ƙarfinsa na tsiyayewa. Maganinsa na nan a duniya, kuma yana aiki. Sai dai dangi su goya shi a babur daga wannan ɗakin shan magani zuwa wancan, ana ce musu babu, ko a faɗa musu kuɗin da sai an sayar da sa ko an jinginar da gona. Daga nan sai a koma ga ɗaurin igiya da tsaga da baƙin dutse, abubuwan da ba sa kashe dafi, sau da yawa ma ƙara ɓata ƙafar suke yi. Ba na ganin laifin dangin ko kaɗan. Laifin na waɗanda suka bar su ba zaɓi ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka samar da maganin nan mai suna EchiTAb. Macizanmu aka kwasa daga Najeriya zuwa Liverpool a Ingila aka tatsa, aka haɗa wani nau'in a Wales da jinin tumaki, wani a Kosta Rika da jinin dawaki, sannan mu sayo da kuɗin waje. Wai tumaki da dawaki! A ƙasar Sakkwato! Muna da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da asibitin koyarwa, muna da masana irin Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da ya shafe shekaru yana bincike a kan saran maciji. Muna da gardawa da suka gaji kama maciji kaka da kakanni, ba wanda ya ga ya dace a horar da su a ɗauke su aiki a gidan tatsar dafi. An bar su da wasa a kasuwa.

Kuma an sha yi mana gargaɗi. Kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin maganin saran maciji na Fav-Afrique a 2014, ragowarsa ta lalace a 2016. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, a 2019 ta ɗauki aniyar rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Duk da haka asibitin da aka sani da wannan aiki yana can Kaltungo a jihar Gombe, tafiyar yini guda cur daga Bodinga. Wane mai zubar jini ne zai kai?

Dalilin sakacin a fili yake: maciji ba ya saran mai zama a ofis. Talaka yake sara, a gona, inda ba mai ɗaukar hoto.

Gwamnatin jihar Sakkwato ta ajiye maganin a kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma kafin damina ta faɗi, a kuma bayar da shi kyauta. Gwamnatin tarayya ta gina gidan kiwon macizai da masana'antar haɗa maganin a Arewa. Ku kuma mutanen Danchadi, duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi a gaban jama'a kwalbar maganin nawa ke cikin asibitin Bodinga.