Thich Nhat Hanh: Natsuwa Ba Gudun Duniya Ba Ce

Gabatarwa

Mai yiwuwa ne mai karatu ya yi mamakin ganin sunan malamin addinin Buda a mujallar Sashen Hausa. Ba kiran kowa ake yi zuwa ga aƙidarsa ba, don kuwa kowa ya san alƙiblarsa. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce nuna cewa duniya ta ɗauki rabin darasin wannan malami ta yar da rabi, kuma rabin da aka yar ɗin shi ne ya fi nauyi.

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Thich Nhat Hanh a ƙasar Biyetnam a shekarar 1926. Yana ɗan shekara 16 ya shiga gidan ibada na Tu Hieu da ke birnin Hue, ya aske kai, ya rungumi rayuwar masu gudun duniya na addininsa. Ya yi karatu da koyarwa a jami'o'in Princeton da Columbia na Amurka a farkon shekarun 1960, sa'an nan ya koma gida ya tarar yaƙi ya ci ƙasarsa. Ya rasu ranar 22 ga Janairu, 2022, yana da shekara 95, a wannan gidan ibada da ya fara shiga yana yaro. Ya bar littattafai fiye da 100.

Abin da ya shahara da shi shi ne koyar da halartar da zuciya, watau mutum ya tara hankalinsa kan abin da yake yi a halin da yake ciki. In yana numfashi ya san yana numfashi, in yana tafiya ya san inda ƙafarsa ke sauka, in yana wanke kwano kada zuciyarsa ta riga shi zuwa wurin shan shayi. A yau ana koyar da wannan a asibitoci da makarantu da manyan kamfanoni a Turai da Amurka, har kamfanin Google ya gayyace shi ya yi wa ma'aikatansa jawabi. Galibin masu koyo kuwa maganin gajiya da damuwa suke nema, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Inda Koyarwar Ta Samo Asali

Wanda ya karanta sanannen littafinsa, The Miracle of Mindfulness, wanda ya fito da Ingilishi a 1975, zai zaci don mutanen da ke zaune lafiya aka rubuta shi. Alhali kuwa asalinsa doguwar wasiƙa ce da ya rubuta da harshen Biyetnam zuwa ga wani ma'aikacin makarantar horar da matasa aikin taimakon jama'a, wadda shi ya kafa a tsakiyar shekarun 1960. Waɗannan matasa su ne ke shiga ƙauyukan da aka yi wa ruwan bama-bamai, su sake gina gidaje da makarantu da ɗakunan shan magani. Sun ƙi bin gwamnatin Kudu da Amurka ke goya wa baya, sun kuma ƙi bin 'yan gurguzu, saboda haka kowane ɓangare ya ɗauke su maƙiya, har aka kashe wasunsu. Ashe ke nan, natsuwar da yake koya musu guzuri ce ta mai binne abokinsa da safe, ya koma aiki da yamma ba tare da ƙiyayya ta cinye shi ba.

Shi kansa malamin bai tsira ba. A 1966 ya tafi Amurka yana kiran a tsagaita wuta, ya gana da Martin Luther King, wanda tun 1965 ya rubuta masa wasiƙa yana roƙon ya ɗaga murya kan yaƙin. A 1967 King ya fito fili ya soki yaƙin, ya kuma ba da sunan Nhat Hanh don a ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya, ko da yake ba a ba kowa kyautar a wannan shekara ba. Sakamakon wannan tafiya shi ne gwamnatin Kudu ta hana shi komawa gida, kuma da 'yan gurguzu suka ci yaƙi a 1975 su ma ba su buɗe masa ƙofa ba. Shekara 39 ya yi yana gudun hijira, akasari a Faransa, inda ya kafa mazaunin almajiransa na Plum Village a 1982.

Sukar da Ake Yi Masa

Ba a rasa nono a ruga, kuma ba a rasa abin suka ga ɗan Adam. Da ya koma Biyetnam a 2005 da izinin gwamnati, wasu shugabannin addinin Buda na ƙasar, waɗanda gwamnatin ta yi wa ɗaurin talala, sun ga cewa zuwansa wanke fuskar masu mulki ne a idon duniya. Wannan suka tana da ƙarfi, musamman da yake a 2009 an kori almajiransa daga gidan ibada na Bat Nha da ƙarfin tsiya. Amma a ganina korar ita kanta shaida ce cewa bai zama ɗan amshin shata ba, don an ce ya ba shugabannin ƙasar shawarar su sakar wa addini mara, kuma ba a korar almajiran wanda ake jin daɗin bakinsa.

Suka ta biyu ita ce ya sauƙaƙa addininsa ƙwarai har ya zama hajar kasuwa. Gaskiya ne ya guji kalmomi masu tsauri, ya yi rubutu da harshen da manomi da ɗan makaranta za su gane. To, amma mu da muke nazarin waƙoƙin ajami na ƙarni na 19 mun san cewa isar da ilmi ga talaka da harshensa ba rage darajar ilmin ba ne. Laifin na masu tallar ne, waɗanda suka ɗauki numfashin suka bar sharuɗɗan da ya gindaya tare da shi: kada a kashe rai, kada a tara dukiya alhali jama'a na fama da yunwa, kada a kau da kai daga wahalar mutane.

Kammalawa

Tambayar da rayuwar wannan mutum ke jefa wa duk mai ilmi, ko wane addini yake bi, ita ce: idan wuta ta tashi a gari, malami zai ci gaba da zama a ɗakin karatu ne, ko zai fito? Nhat Hanh ya fito da natsuwarsa, ya kuma biya da ƙasarsa ta haihuwa. Mu ɗalibai da malamanmu da ke zaune cikin katangar jami'a, ya kamata mu auna iliminmu da wannan ma'auni kafin mu yaba wa kanmu.