Raddi Ga Mai Cewa Duwatsun Gonakin Tsiga Mutanen Da Ne Suka Kafa Su

Wani ɗan'uwa malami ya dage cewa duwatsun da ke tsaye a gonakin Tsiga, ta ƙasar Bakori, mutanen da ne suka kafa su, irin na Wassu a Gambiya. Ina ganin girmansa, amma hujjojinsa uku ba su tsaya da ƙafarsu ba.

Ya ce dutse ba ya miƙewa da kansa. Malam, yana miƙewa. Ƙasarmu daga Funtua zuwa Malumfashi a kan falalen dutse take. Ruwa na bin tsaga yana cin gefe, zaizaya ta kwashe ƙasar da ta ruɓe, sai tsakiyar ta rage tsaye kamar an dasa. Dubi Kufena a Zariya. Gindi ne ke raba gardama: wanda Allah ya ajiye jikinsa ɗaya da fā na ƙasa, launi da ƙwaya duk iri guda. Wanda hannu ya kafa yana zaune cikin rami, an tokare shi da ƙananan duwatsu, ƙasar ramin ma ta bambanta da ta kewaye.

Ya ce ai a jere suke. Wa ya jera su? Na ga manomin masara da garmarsa ta ci karo da dutse, ya kira 'ya'yansa suka mirgina shi bakin gona, suka tayar da shi kusa da gamba don ya zama shaidar iyaka ranar rabon gado. Layin da ya bi kunya, ya karya kwana inda gonar maƙwabci ta karya, iyaka ce. Na Wassu da Sine Ngayene marmara ce da aka sassaƙa da ƙarfe, aka shirya da'ira, kuma an tono kaburbura a ƙarƙashinsu, shi ya sa UNESCO ta karɓe su a 2006. Na Ikom a Kuros Riba har fuska da cibiya gare su.

Ya ce dattawa sun tarar da su. Gaskiya suka faɗa, sai dai "mun tarar" ba ta wuce kaka da kakan kaka.

Abin da ke damuna shi ne muna da tarihi na haƙiƙa. A Durɓi Takusheyi ta ƙasar Mani an yi tono a 1907 da 1992, kayan kabari suka fito aka gani da ido. In Malam na neman irin wannan a Tsiga, ya bar dutsen iyaka, ya zo mu bi kufai bayan ruwan farko, lokacin da tsingaro da kashin maƙera da dutsen niƙa ke fitowa fili.