Iyaye, Ku Buɗe Jakar Yaranku Yau Da Daddare

Jama'ar Ɗambatta da Makoɗa, mutanen Kunchi da Tsanyawa, iyayena da 'yan uwana na Bichi da Bagwai da Dawakin Tofa da Minjibir, da ku nake!

Ku bi hanyar Katsina ko ta Daura, ku duba dama da hagu, ku nuna mini saura guda ɗaya da ba ta da mai ita. Gona ta haɗe da gona, gari ya kusa taɓa gari. Filin da kakanmu ya noma shi kaɗai, iyayenmu sun raba shi, mu ma mun sake rabawa, kuma yaran da ke wasa a ƙofar gida yanzu su ma za su zo a yi musu rabon gado. Kunya nawa kowannensu zai samu? Ƙasa ba ta ƙaruwa, mu kuwa kullum suna ake yi. Wanda zai gaji 'yar gayauna dole ya riƙe wani abu a kansa da zai haɗa da fartanya, ko da noman zai ci gaba da yi, don awon taki da maganin feshi da lissafin kasuwar Dawanau duk karatu suke nema.

Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin yadda manoman kewayen Kano suke noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, kuma filin bai mutu ba. Mu mun san dalili. Tun da rani muke ɗora mangala a kan jaki muna kai taki, mu yi firi, mu yi maimai, mu zaga da safe mu zaga da yamma. Ba wanda yake watsa iri ya tafi sai kaka. To don me muke yi wa 'ya'yanmu haka? Mu sa yaro a aji ɗaya, mu ɗinka masa yunifom, shi ke nan ba mu ƙara waiwayarsa ba sai ya gama aji shida, sannan mu tarar ko wasiƙa ba ya iya karantawa, mu ce boko ta lalace.

Na san amsar da ke bakin da yawa daga cikinmu: "Ai ni ban yi boko ba, me zan duba masa?" Baba, Allah ya ba ka haƙuri, wannan uzuri ba zai karɓu ba. Uwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta san surar da ɗanta yake a makarantar allo. Ta san ranar da ya wanke, ta san ranar da malam ya hana shi wankewa don bai iya ba. Uba yana biyan kuɗin Laraba, yana zama a zaure yana jin tilawa, in yaro ya yi shiru ya daka masa tsawa daga inda yake. Ranar sauka kuwa gari ne yake taruwa. Kula da karatun yaro gadonmu ne tun kafin Bature ya shigo Kano a 1903. Wannan kulawar ce nake roƙon mu miƙa wa littafi da fensir.

Yau bayan sallar isha'i ka ce ya kawo jakarsa. Buɗe littafin. Ko ba ka karanta kalma ɗaya, idonka zai gaya maka ko shafukan suna cika ko fari fat suke, zai nuna maka ko jan biron malam ya bi ta kai ko an yi wata guda bai bi ba. Ka ce ya karanta maka da ƙarfi. Kunnenka zai rarrabe mai karatu da mai in'ina da mai haddar da ba ya kallon takarda. Sannan ka ce, "To, faɗa mini da Hausa, me aka ce?" Yaron da ya iya yi wa ubansa bayani ya fahimta, wanda ya kasa kuma ka gano da wuri. Lissafi kuwa ai kai ne malaminsa: kwano nawa ne a buhu, in an sayar da kwano bakwai nawa aka kama, in an cire kuɗin mota nawa ya rage. In malam ya ba shi jinga, kada ka bar yayansa ya rubuta masa don a huta. Ya nuna masa hanya, shi ya yi da hannunsa, ko da zai yi kuskure, domin ta kuskuren ne malam zai san inda zai gyara.

Kuma a ba shi haske da lokaci. Gidan da ake biyan kuɗin cajin waya ba zai gagara 'yar fitila mai aiki da hasken rana ba. Tsakanin Islamiyya da makarantar dare da aike, a ware masa ko rabin awa ce, a kashe rediyo, kada a tashe shi sayo ashana. Da safe ko ɗumame ne ya sa a cikinsa kafin ya fita.

Inda ciwon yake sosai shi ne lokacin aikin gona, kuma ba zan yi kamar ban san halin da ake ciki ba. Zangon farko yana faɗowa daidai girbin gero da cirar gyaɗa da roron wake da yankan dawa. Zango na uku yana cin karo da shuka da noman farko. A bakin madatsar Watari da ta Thomas kuma aikin rani ba ya ƙarewa. Ƙwadago ya yi tsada, taki ya yi tsada, hannun yaro yana rage nauyi. Duk gaskiya ne. Amma yaron da ya yi mako uku bai shiga aji ba, ya dawo ya tarar an wuce raba lamba, ba wanda zai koma baya dominsa, kuma daga nan yake fara jin shi daƙiƙi ne alhali mu muka jawo masa. Akwai Asabar da Lahadi, akwai yammaci, akwai dogon hutun da yake zuwa tsakiyar damina. A bar masa safiyar Litinin zuwa Juma'a. Haka ranar kasuwa: rabin aji ya watse saboda tura baro da riƙe akuya, wannan abin kunya ne gare mu.

Iyaye mata, ku ma ga naku. Na san farantin talla shi ne cefane, shi ne adashin kayan ɗaki. Amma mu ne muke ƙorafi idan mace ta je haihuwa ba ta sami 'yar uwarta mace da za ta karɓe ta ba. Unguwar zoman nan da muke nema, yarinyar da ke ɗauke da ƙuli da awara ce a lokacin da ake kiran suna a aji. A jinkirta tallan zuwa bayan tashi, in ta dawo kuma a bar ta ta taɓa littafinta kafin wanke-wanke.

Gwamnati tana da nata nauyin, kuma ba za mu sauke mata ba. An kawo ilimin firamare kyauta a 1976. Dokar 2004 ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole. Jihar Kano ta sake shelar haka a 2019, a 2024 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk da haka har yau akwai ajin da yara suke zaune a ƙasa, sun yi wa malami ɗaya yawa, ba yadda zai saurari karatun kowa. Wannan shi ya sa kunnen gida ya zama tilas, shi ya sa kuma ƙafarmu ta zama tilas. Kowace makaranta ya kamata tana da kwamitin gari mai sa ido a kanta. Wa ke cikin na garinku? Yaushe suka zauna? In iska ta yaye rufi, in malami ya daina zuwa, ku tashi ku uku ku huɗu ku sami hedimasta, in bai yiwu ba ku wuce wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. In kuwa malami yana ƙoƙari, ku je ku gode masa a gaban ɗalibansa.

Makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa tana tsakiyarmu tun 1977, ta yaye ɗaliban da suka zama likitoci da injiniyoyi ba adadi. Ga kwalejin horar da malamai ta tarayya a Bichi, ga kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Ɗambatta. Da jarrabawa ake shigarsu, kuma yaron da aka saurari karatunsa tun yana aji biyu shi yake cin ta. Za mu yarda su zauna a ƙasarmu 'ya'yanmu suna wucewa ta bakin ƙofarsu da kurar ruwa?

Malam liman, Allah ya gafarta malam, a sa maganar nan cikin huɗuba. Ranka ya daɗe dagaci, masu unguwanni, duk yaron da aka gani a kasuwa da hantsi a tambayi ɗan gidan wa ne. Ku kuma samari da 'yan matan da kuka gama sakandare kuna zaune, ku nemi aron zaure, ku tara ƙannenku goma sau uku a mako, iyaye su haɗa kuɗin alli da fitila. Kai kuma mai gida, ranar Litinin kafin ka wuce gona, bi ta makaranta, ka tambayi sunan malamin ajin ɗanka, ka ba shi lambar wayarka, ka ce duk ranar da bai ga yaron ba ya kira ka.